Daga Ngojin Zuwa Jidda: Awoyin Tafiya Ne Ke Yanke Kuɗin Jirgi

Ɗan kasuwar da ya bar Ngojin a ƙaramar hukumar Potiskum da asuba, da niyyar saro turare, dardumai da dabino a Saudiyya, yana da zango biyu a gabansa. Na farko shi ne hanyar mota ta Azare da Wudil zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wajen kilomita 300. Na biyu kuwa shi ne daga Kano zuwa Jidda, wanda tazararsa a miƙe ta kai kimanin kilomita 3,400. Abin mamaki, lokacin da zangon biyu ke ci kusan ɗaya ne. Jirgin fasinja na gudun kilomita 850 ko kusa da haka a awa ɗaya, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, awa huɗu da rabi ta ishe shi. Direban da ya kai Kano daga Potiskum cikin awa huɗu kuwa, ya gode wa Allah.

Sai dai matafiyi ya lura, agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe goma na dare, zai tarar ƙarfe huɗu da rabi na asuba ta yi a Jidda.

Wannan lissafi duka ya dogara ne kan miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta bi ta samaniyar Cadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya. Ta waɗannan ƙasashe ne alhazan dā suka riƙa bi a ƙafa da bisa jakuna, wasu su shekara da shekaru ba su komo ba.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta ana dab da fara jigilar alhazai. Jidda ba ta gusa ko da taku ɗaya ba, amma tilas jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu. Kowace awa a sama kuwa mai ne ake ƙonawa, ga albashin matuƙa, ga kuɗin ratsa samaniyar kowace ƙasa da ake biya da dala. Saboda haka kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera daga hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON.

A ganinmu, mai saro kaya ya fi alhaji shan wannan kaye, domin shi sau da yawa yake zuwa a shekara, kuma kuɗin awon kaya yana bin kuɗin mai. Kafin ya biya tikiti, ya tambayi dillalin jirgi awa nawa za a yi a sama, kuma ko za a yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, inda jiran canjin jirgi kaɗai kan cinye yini guda.