Shin Ko Kun San? Madannai Ashirin, Waƙa Ɗari

Shin ko kun san cewa tun kafin a yi mafarkin wayar hannu, akwai wani akwati da ake girkewa a gidajen cin abinci na Amurka, mutum ya jefa tsabar kuɗi, ya danna waƙar da ransa ke so, injin ya ɗauko faifan da kansa ya sa? Jukebox suke kiransa. Kakansa ya fara aiki a birnin San Faransisko ran 23 ga Nuwamba, 1889, a hannun Louis Glass da William Arnold. Shi wancan babu zaɓi a cikinsa: waƙa ɗaya ce tak, kuma sai ka kara bututu a kunne kafin ka ji.

Shin ko kun san cewa a 1927, shekarar da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos, kamfanin AMI ya fito da akwati mai ƙara sauti da lantarki, wanda ke cika ɗaki da kiɗa? Daga nan sai gardama ta koma kan abu guda: ta yaya talaka mai tsaba ɗaya a hannu zai gaya wa inji abin da yake so?

Amsar farko mai sauƙi ce, kowace waƙa da madanninta. Haka shahararren akwatin Wurlitzer 1015 na 1946 yake, wanda Paul Fuller ya tsara: waƙoƙi 24, madannai 24, kowanne kusa da sunan waƙarsa. To amma idan waƙoƙin suka kai ɗari fa?

Nan kamfanin Seeburg na Shikago ya yi abin da ya cancanci yabo. A ƙarshen 1948 ya fito da M100A mai ɗaukar fayafayai 50, ana jin gaba da bayan kowanne, waƙoƙi 100 ke nan. Madannansa kuwa ashirin ne kawai: haruffa goma, lambobi goma. Ka danna harafi ya tsaya a ciki, ka danna lamba, su biyun su dawo tare, magana ta ƙare. Kamar dai a kwatanta maka rumfa a kasuwar Zonkwa a ce layi kaza, rumfa ta kaza. Ko wanda karatunsa bai yi nisa ba zai iya riƙe B7 a ka.

Shin ko kun san cewa babu harafin I a jikin madannan? Daga H sai J. An cire shi da gangan, domin a wuri mai ƙarancin haske ido ba ya raba shi da lamba 1. Da Seeburg ya fitar da V200 a 1955 mai waƙoƙi 200, haruffan suka kai V, aka cire O ita ma don kada ta rikice da sifiri. Ku ƙirga ku gani: daga A zuwa V haruffa 22 ne, a fitar da biyu saura 20, sau goma ya ba da 200 cif. A ganina wannan shi ne aikin mai tsara kaya na ƙwarai, wanda ya tuna da mutumin da ya wuni yana aiki, idonsa ya gaji, kuma kuɗinsa ba na zubarwa ba ne.

Akwai kuma wani ɓangare da bai yi wa mai saye daɗi ba. Injin ba ya bin wanda ya riga wani. Kowane zaɓi yakan ture wata 'yar ƙusa ce, hannun ɗaukar faifai ya bi jeri yana tsayawa duk inda ya tarar an ture. Saboda haka wanda ya zo daga baya na iya jin tasa kafin taka. Idan kuma mutum uku suka zaɓi waƙa ɗaya kafin a kai kanta, sau ɗaya za a sa ta, kuɗin ukun kuwa sun shige aljihun mai akwati. A V200 ne aka maye gurbin ƙusoshin da ƙananan zobban maganaɗisu, irin waɗanda kwamfutocin zamanin suke ajiye bayanai da su, aka sa wa tsarin suna Tormat.

Shin ko kun san cewa ba sai ka tashi daga kujerarka ba? Akwai ƙananan akwatuna a jikin tebur, masu shafukan sunayen waƙoƙi da madannai iri ɗaya, suna aika zaɓinka ta waya zuwa babban injin.

A ƙasarmu akwatin bai zama ruwan dare ba. Abin da iyayenmu suka sani shi ne garmaho, wanda ake wanawa da hannu, ana canja masa allura a kai a kai, kuma mai garmaho ne ke da ikon zaɓi. Talaka ya samu nasa zaɓin ne ta Rediyon Kaduna, a shirin Zaɓi Sonka: ka aika kati da sunan waƙa da jerin waɗanda kake gaisarwa, ka zauna jiran ranar da za a ambace ka, a sa maka Shata ko Ɗan Maraya Jos duk Arewa na ji. Yau kuma masu tura waƙa a waya ne suka gaji aikin a bakin kasuwa da tasha.

Masu karatu na Zonkwa, Kagoro, Kafanchan da Zangon Kataf, idan akwai tsohon garmaho ko fayafayai a ɗakin kaka, don Allah kada ku miƙa wa 'yan gwangwan. Ku goge su da busasshen ƙyalle, ku jera fayafayan a tsaye, nesa da rana da danshi.