Laila da Majnun: labarin da ya ƙare a bakin kabari

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Laila da Majnun tun kafin mu san labarinsu. Idan saurayi ya zauce a kan budurwa sai mu ce ya zama Majnun, mu yi dariya mu wuce. Amma wanda ya bi labarin har ƙarshensa zai tarar da gidaje biyu da suka rushe, da iyaye da baƙin ciki ya kai su kushewa.

Asalin labarin daga Najadu yake, a ƙarni na 7 na Miladiyya, zamanin daular Banu Umayya. Ƙaisu ɗan Mulawwahi, na ƙabilar Banu Amir, ya so Laila, ya riƙa ambaton sunanta a cikin waƙoƙinsa har suka bazu a bakin jama'a. A al'adar Larabawan lokacin, wanda ya yayata sunan yarinya a waƙa ba a ba shi aurenta, don kada a ce wani abin kunya ake rufewa. Mahaifinta ya hana shi, ya aurar da ita ga wani, Ƙaisu kuma ya faɗa daji har aka laƙaba masa Majnun, wato mahaukaci. A ƙarni na 10 Abul Faraj al-Asfahani ya tattara waɗannan ruwayoyi a littafinsa Al-Agani, tare da maganar masu shakkar ko an taɓa yin mutumin.

Wanda ya ɗinke ruwayoyin suka zama labari guda shi ne Nizami, mawaƙin birnin Ganja da ke ƙasar Azarbaijan ta yau. Ya yi waƙar da Farisanci a shekarar 1188, daidai da 584 bayan Hijira, bisa roƙon sarkin Shirwan, cikin baiti sama da 4,000. Bayansa Amir Khusrau ya sake ta a Delhi a 1299, Jami ya yi tasa a Herat a 1484, Fuzuli ya rera ta da Turkanci, Ahmad Shauƙi na Masar kuma ya mai da ita wasan kwaikwayo.

A waƙar Nizami, mahaifin Ƙaisu ya ɗauki ɗansa zuwa Makka da fatan zai roƙi Allah waraka. Da yaron ya isa Ka'aba sai ya roƙi a ƙara masa son Laila, uban yana tsaye yana ji. Daga nan tsohon ya riƙa bin sa cikin daji yana lallashi, har ya haƙura ya koma gida ya rasu. Uwar ma ta je ta roƙe shi ya dawo, ya ƙi, ba ta daɗe ba ta bi mijinta. Ibn Salam, mijin da aka ɗaura wa Laila, ya zauna da matar da ba ta taɓa karɓarsa ba har ciwo ya kashe shi. Laila ta rasu bayan ta tona wa mahaifiyarta asirin zuciyarta, Majnun kuma ya kwanta a kan kabarinta har rai ya yi halinsa. Gawa biyar ke nan, ko da yake biyu kawai muka saba tunawa.

Malaman Sufaye sun karanta labarin a matsayin misalin bawan da son Ubangijinsa ya shagaltar da shi daga komai. Amma ga mu da muke riƙe da gidaje, zahirin labarin ma ya isa wa'azi. Harshen saurayi ne ya fara ɓata lamarin, tsoron surutun mutane ya hana uba sassauci, aka yi wa yarinya auren da ba ta so, alhali Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita.

Musulunci bai hana kuka ba. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, sai dai ga Allah ya kai kukansa, bai kuma yanke ƙauna ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, harshensa kuma bai furta abin da zai saɓa wa Ubangiji ba. Majnun kuwa ya rungumi baƙin cikinsa ya ƙi saki, har ya ƙi jin kiran iyayensa.

Nizami ya sa nasiha ga ɗansa Muhammadu, mai shekara 14, a gabatarwar waƙar, yana kwaɗaitar da shi neman ilimi. Uba ne ya rubuta ta yana tunanin ɗansa, kuma ya kyautu iyaye su karanta labarin tare da 'ya'yansu tun kafin a zo maganar aure. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya jiƙan magabatanmu.