Ƙyallin da dakusasshen faifai ke bari a gilashi

Gilashi, tangaran, silikon da dutsen kwalliyar bene duk halinsu ɗaya: suna da tauri, amma ba su san lanƙwasa ba. Ƙarfe idan an matsa masa sai ya ba da kai, su kuwa tsagewa suke yi. Shi ya sa ake gurza su da faifan da aka dasa wa ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u, wanda a ma'aunin taurin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 yake mataki na 10, gilashi kuma bai kai 6 ba.

Sai dai lu'ulu'un ma yana cinyewa. Wata ƙwayar takan fashe, kuma wannan ba asara ba ce, domin fashewar kan fito da sabon kaifi. Wata takan fice daga mazauninta ta bar gurbi. Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda ta zauna daram amma kanta ya goge ya yi sumul. Irin wannan ta daina yanka, danna take yi tana gugar fuskar abin. Sai inji ya ƙara nauyi, zafi ya tashi, tsaga ta riƙa nutsawa ƙasa inda ido ba ya kai.

A nan ne mai aiki kan ruɗu. Dakusasshen faifai yakan bar fuska mai santsi da sheƙi, wani lokaci har fiye da sabo, alhali ƙarƙashinta ya cika da ƙananan tsagogi. Tun a 1921 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya nuna cewa irin waɗannan tsagogin da ba a gani su ne ke yanke ƙarfin gilashi. Ke nan abin da ya fito yana walƙiya yana iya karyewa daga baya da ɗan nauyi kaɗan. A ganina duk wanda ya auna aikinsa da ƙyalli kaɗai, rabin aikin ya duba.

Akwai hanyar gurza waɗannan abubuwa ba tsaga. Binciken Thomas Bifano da abokan aikinsa a Amurka a 1991 ya nuna cewa idan zurfin cizon kowace ƙwaya ya yi ƙasa sosai da maikuron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, abin kan feru maimakon ya fashe. To amma faifan da ya cinye ba daidai ba ba zai riƙe wannan zurfin ba. Ƙwaya guda da ta ɗara saura tsayi ta isa ta ɓata komai.

Maganin shi ne a riƙa daidaita zagayen faifan, a kuma kankare abin da ya riƙe ƙwayoyin don sababbi su fito, kamar yadda mai injin niƙa ke kai faranti wasawa. A Japan, Hitoshi Ohmori na cibiyar RIKEN ya ɓullo da dabarar yin haka da lantarki, faifan na cikin aiki, ba tare da an tsayar da inji ba.