Shekarar Karatu a Makarantun Sakandare na Kumashi

Kumashi babban birni ne a ƙasar Gana, shi ne gidan sarautar Ashanti. Tun zamanin fataucin goro Hausawa suke zuwa wannan ƙasa, har suka kafa unguwanni waɗanda ake kira zango. A zangon Kumashi ana jin Hausa a gida da kasuwa da masallaci. Harshen ƴan ƙasa shi ne Tuwi. Amma a makaranta da Ingilishi ake karatu, kamar yadda ake yi da Faransanci a Nijar.

Oforikrom tana gabashin birnin, kusa da zangon Aboabo. A da tana ƙarƙashin hukumar birnin Kumashi ne, sai a shekarar 2018 aka ba ta hukumarta ta kanta. A nan ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah take. Akwai kuma makarantar ƴan mata ta St. Louis a Oduom, wadda aka buɗe a 1952. Yau za mu ga yadda ɗalibai suke yin shekara a irin waɗannan makarantu.

Ranar shiga

Yaro ba ya shiga sakandare sai ya ci jarrabawar da ake kira BECE. Ta yi kama da BEPC ta Nijar. Daga nan sai ya yi shekara 3: aji ɗaya, aji biyu, aji uku. Tun watan Satumba na 2017 gwamnatin Gana ta ɗauke wa iyaye kuɗin makarantar sakandare. Saboda haka yara da yawa na zango, waɗanda a da suke tsayawa don rashin kuɗi, suka samu shiga.

Yawancin manyan makarantun na kwana ne. Ranar shiga, kowane ɗalibi yakan zo da akwati biyu. Na ƙarfe na tufafi ne. Na katako kuwa na abinci ne: garin rogo, da sukari, da madara, da wani soyayyen yaji mai suna shito. Yakan zo da bokiti da tsintsiya kuma, domin ɗalibai su ne masu sharar makarantarsu. A makarantun gwamnati da yawa har ƴan mata sukan rage gashin kansu.

Ana raba ɗalibai gida-gida. Kowane gida yana da sunansa da launinsa da malamin da yake kula da shi. A makarantar Opoku Ware, wadda ita ma aka buɗe a 1952, ana ba kowane sabon ɗalibi lamba tare da harafin shekarar da ya shigo. Ko ya tsufa, da wannan lamba abokansa za su tuna da shi.

Ƴan aji ɗaya

Sabon ɗalibi ana ce masa "nino". Bayan ƴan makonni akan shirya wani dare na musamman domin ƴan aji ɗaya. Sukan fito su yi waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, manya suna tafi suna dariya.

Akwai wata al'ada mai kyau. Babban ɗalibi yakan ɗauki ƙarami ya zama kamar ɗansa. Ana kiransa uban makaranta, in mace ce uwar makaranta. Shi zai nuna masa ɗakin cin abinci, ya koya masa gyaran gado, ya lallashe shi in kewar gida ta dame shi.

Amma akwai mummunar al'ada kuma. Wasu manya sukan sa ƙanana su yi musu wanki, ko su ƙwace musu abinci, ko su doke su. Dokar makaranta ta hana wannan, kuma ana hukunta wanda aka kama. Yaron da aka zalunta ba ya iya karatu da kwanciyar hankali, wani ma yakan gudu gida ya ƙi komawa. Maganin abin shi ne a faɗa wa malami. Babba kuma ya tuna cewa jiya shi ma baƙo ne.

Yinin ɗalibi

Ana kaɗa ƙararrawa tun da asuba. Kowa ya share wurin da aka ba shi, ya yi wanka, ya sa kayan makaranta. Musulmi su yi sallar asuba, Kirista su yi addu'arsu. Bayan an tashi daga aji sai hutawa da wasa. Da dare kowa ya koma aji ya yi bitar darasinsa shiru.

A ɗakin cin abinci ɗan zango yakan ga abin da ya sani. Akwai koko. Akwai kuma shinkafa da wake, wadda mutanen Gana suke kira waakye. Daga kalmar Hausa "wake" sunan ya fito. Idan yunwa ta taso da dare, sai a buɗe akwatin katako, a jiƙa gari da ruwa da sukari, a sha tare da abokai.

Bukukuwan shekara

Da farko gidaje sukan yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle a tsakaninsu. Waɗanda suka yi fice su ne za su wakilci makaranta a babbar gasar makarantu, wadda ɗalibai suke kira Inta-ko. An saba yin ta a filin wasa na Baba Yara, wanda aka sa wa sunan wani shahararren ɗan ƙwallon Gana. Makarantar T.I. Ahmadiyya, da aka kafa a 1950, ta yi suna ƙwarai wajen gudu. Ƴan kallo kuma ba sa zama shiru. Suna kaɗa ganga suna rera waƙoƙin zuga da ake kira jama.

Ranar 6 ga Maris ita ce ranar tunawa da ƴancin kan Gana, wanda ta samu a 1957. Ɗalibai sun daɗe suna yin maci a wannan rana.

Akwai gasar ƙwaƙwalwa kuma. Ita ce kacici-kacicin kimiyya da lissafi na ƙasa baki ɗaya, wanda ake nunawa a talabijin. Makarantar Prempeh ta Kumashi ce ta ci kofi na farko a 1994, ta sake ci a 1996 da 2015 da 2017 da 2021.

Ranar ba da kyaututtuka kuwa, iyaye da tsofaffin ɗalibai sukan cika makaranta. A kira sunan wanda ya fi ƙwazo a kowane darasi, ya fito ya karɓi littattafai.

Ƴan aji uku

Kafin manya su fita, ƴan aji biyu sukan nemi shugabanci. Kowane ɗan takara ya tsaya gaban ɗalibai ya faɗi abin da zai yi, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Tsofaffin shugabanni su miƙa ragama, su juya ga littattafansu.

Jarrabawar ƙarshe ita ce WASSCE. Ana yin ta a Gana da Nijeriya da Saliyo da Laberiya da Gambiya. Wanda ya ci da kyau yana iya shiga jami'a. Ɗalibin Oforikrom ba sai ya yi nisa ba, ga jami'a nan a unguwarsu. Amma ba a ranar jarrabawa ake cin jarrabawa ba. Hausawa sun ce, da sanyin safiya ake kama fara.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Oforikrom take?
2. Me ake sawa a cikin akwatin katako?
3. Mene ne aikin uban makaranta?
4. Me ya kamata yaro ya yi idan babba ya zalunce shi?
5. Daga wace kalma sunan waakye ya fito?

Aiki

Rubuta jimla biyar a kan bikin da ka fi so a makarantarku.