Ɗan Aiken Da Ba Ya Mantuwa: Yadda Na Sa Kwamfuta Take Ajiye Aikina Da Kanta

Akwai wata al'ada da duk ɗalibin da ya taɓa rubuta aiki a kwamfuta ya sani. Ka rubuta, ka sa wa fayil ɗin suna "aiki". Gobe ka yi gyara, tsoron kada ka ɓata na jiya ya sa ka kira sabon "aiki2". Kafin mako ya zagayo sai ga "aiki na ƙarshe", ga "aiki na ƙarshe na gaske", ga kuma "wannan ne wallahi". Ni ma haka nake yi, har na shiga aji biyu a jami'a, inda abin ya zame mini ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

An ba mu aikin rukuni, mu huɗu, mu gina ɗan shafin intanet na rajistar ɗalibai. Ni ke riƙe da cikakken kwafi a filashi. Ana saura kwana biyu mu miƙa, na kai filashin wani shagon buga takardu, na dawo da shi ya kwaso cutar kwamfuta. Babu fayil ɗin da ke buɗuwa. Kwafin da ke cikin laftof ɗina kuwa na mako biyu da suka wuce ne. Kwana muka yi muna sake rubutu, muka miƙa abu rabi da rabi, muka samu maki daidai da shi. Abokan rukunina sun yi kusan mako ɗaya ba wanda ya yi mini magana sai gaisuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan nan ne wani ɗan aji huɗu ya zaunar da ni ya nuna mini Git.

Git manhaja ce ta kyauta da ke riƙe tarihin aikinka. Ka nuna mata folda ɗaya ka ce ta sa ido a kai. Duk lokacin da ka ga aiki ya kai wani mataki, sai ka ce ta yi ajiya, ita kuma ta ɗauki hoton yadda duk fayilolin suke a wannan lokacin, ta rubuta sunanka da rana da sa'a da ɗan bayanin da ka ba ta, ta kuma ba ajiyar wata doguwar lamba da ba ta da irinta. Fayil ɗinka ɗaya ne tal, sunansa bai canja ba, amma ko bayan shekara kana iya cewa a dawo maka da shi yadda yake ranar Talatar makon jiya da la'asar. Wurin da tarihin ke taruwa ni rumbu nake kiransa, domin aikinsu ɗaya da rumbun hatsi na bayan gidanmu a Ɗan Isa.

Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, mutumin da ya fara Linux a 1991. Masu aikin Linux, waɗanda ke warwatse a ƙasashen duniya, sun kasance suna amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper. A 2005 kamfanin da ya mallake ta ya janye damar amfani da ita kyauta. Torvalds ya zauna a farkon watan Afrilun shekarar ya fara rubuta tasa, cikin 'yan kwanaki har Git ta fara riƙe tarihin kanta. A watan Yuli ya miƙa ragamarta ga wani ɗan Japan, Junio Hamano. GitHub kuma, da mutane ke yawan rikita shi da Git, kamfani ne daban da aka buɗe a 2008, wanda ke ba ka wurin ajiye kwafin rumbunka a intanet. Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Kada ka ɗauka ƙananan ɗalibai ne kawai ke asarar aiki. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ke haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani ma'aikaci ya buga umarnin gogewa a inda bai dace ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin suka tafi. Da aka je wurin ajiyar kamfanin sai aka tarar ita ma ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafi a kwamfutarta. Kwafi na biyu a wani wuri daban, shi ke nan maganar.

To amma abin da ya sa na ce Git kamar don mu aka yi ta, wani abu ne dabam. Duk ɗan Zamfara da ya yi wayo a 2021 ba zai manta farkon watan Satumba ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ina sakandare a lokacin. An dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, mu kuwa na yankin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi muka ci gaba da jira. Mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya yi waya ɗaya. Ko yanzu da ake cewa akwai sabis, kowa ya san yadda yake a ƙauye: yana nan da safe, da yamma sai ka nemi tudu.

Yawancin hanyoyin ajiya na intanet idan babu sabis sun zama hoto. Git ba haka take ba. Cikakken rumbun, da tarihinsa tun daga farko, yana cikin kwamfutarka. Kana iya yin ajiya ɗari babu ko ɗigon data. Abu biyu ne kawai ke buƙatar intanet: tura ajiyarka zuwa rumbun nesa, da jawo abin da wasu suka ƙara. Ranar da sabis ya samu, sai ka tura su gaba ɗaya, kuma tunda rubutu ne, datar da zai ci ba ta kai ta ɗan gajeren bidiyo ɗaya ba.

Sai dai akwai matsala, kuma matsalar ni ne. Git ba ta ajiya sai ka ce ta yi. Umarnin uku ne kacal, amma idan aiki ya yi daɗi mantawa nake yi, ga batirin laftof ɗina da ba ya wuce minti ashirin in an ɗauke wuta. Sau biyu na yi sa'o'i ina gyare-gyare ban yi ajiya ba, na lalata abin da ke aiki, na rasa inda zan koma. Shi ya sa na rubuta mata ɗan aike.

Baƙin allon nan da ake buga umarni a ciki, akwai manhajar da ke karɓar abin da ka buga ta aiwatar. Wadda ta fi shahara ita ce Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989. Idan ka jera umarninka cikin fayil ɗaya, Bash za ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yaron da aka ba takardar cefane. Ga tawa takardar, na sa mata suna ajiye.sh:

#!/bin/bash
cd ~/aikina || exit 1
git add -A
if ! git diff --cached --quiet; then
git commit -m "Ajiya: $(date)"
fi
git pull --ff-only && git push || echo "Ba a tura ba: $(date)" >> ~/rahoto.txt

Layin farko yana cewa Bash ce za ta karanta. Na biyu yana cewa a shiga foldar aikina, in kuma ba a same ta ba a tsaya nan. Kada ka raina wannan wutsiyar. Idan babu ita, kuma aka yi rashin sa'a ka canja wa foldar suna, ɗan aiken zai ci gaba da aikinsa a duk inda ya tsinci kansa. Layi na uku yana tattara duk abin da ya canja. Na huɗu tambaya ce: shin akwai sabon abu? In akwai, na biyar ya yi ajiya ya manna mata rana da lokaci. In babu, a wuce. Layin ƙarshe shi ke leƙa waje: ya jawo abin da ke rumbun nesa, ya tura nawa, in kuma abin ya ƙi, ya rubuta mini a wani fayil cewa bai tura ba.

Saura wanda zai riƙa tashin ɗan aiken. A Linux akwai cron, wanda aikinsa ke nan, kamar mai buga ƙararrawar makaranta. Ka buga crontab -e, ka ƙara wannan layin:

*/30 * * * * bash $HOME/ajiye.sh

Ma'anarsa, duk bayan minti 30, muddin kwamfutar na kunne. Mai Windows zai samu Git Bash tare da Git idan ya sauke ta, kuma Windows na da nata mai tsara lokutan aiki. Abu ɗaya da ya ba ni wahala: cron ba shi da hannun buga kalmar sirri, ga shi kuma tun watan Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa. Sai da na haɗa makullin SSH, wanda sau ɗaya ake yi a huta.

Yanzu bari in faɗi inda ɗan aiken ya kunyata ni, domin ba ya mantuwa amma kuma ba ya tunani.

Layin git add -A komai yake kwasa. Wata rana na ajiye kalmar sirrin ma'ajiyar bayanan aikina cikin wani ɗan fayil a foldar, da niyyar in cire daga baya. Kafin in idar da sallar Magariba ya riga ya tura ta, kuma rumbun nawa a buɗe yake, kowa na iya gani. Na goge fayil ɗin da sauri, sai wancan ɗan aji huɗun ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai ka manta aikin Git ke nan, tuna abin da aka goge." Dole na canja kalmar sirrin gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne fayil mai suna .gitignore, inda za ka jera sunayen abubuwan da ba ka so a taɓa. Ka rubuta shi kafin ka kunna ɗan aiken. Ka sa bidiyo da manyan hotuna a ciki su ma, don GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100. Kuma tun 2019 rumbun sirri kyauta ne, babu dalilin barin naka a buɗe in ba da niyya ba.

Na biyu, aikin rukuni. Idan ni da abokina muka gyara layi ɗaya, kowa da nasa, Git ba za ta zaɓi mai gaskiya ba, sai ta tsaya ta ce mu sasanta. Wannan --ff-only da ke layin ƙarshe shi ke hana ɗan aiken shiga sulhun da ba nasa ba: in ya ga tarihi ya rabu biyu, sai ya janye ya bar mini rahoto. Ra'ayina ma shi ne kada ka sake shi a rumbun da kuke tarayya da wasu. Zai riƙa tura musu aikin da bai nuna ba, har da wanda ba ya tashi. Ga kuma bayanin ajiyar: "Ajiya: Talata, ƙarfe huɗu" ba ya gaya wa kowa abin da aka gyara. Don haka idan na kammala wani abu mai muhimmanci, da hannuna nake yin ajiya in rubuta bayani na hankali. Ɗan aiken na tsakanin nan ne, lokacin da hankalina ke wani wuri.

Na san da yawa cikinku za su ce ba su da kwamfuta. Wayar Android ta isa a fara. Akwai manhajar Termux da ke ba ka baƙin allo a waya. Ka buga pkg install git, ka buɗe folda, ka buga git init a ciki, ka gaya wa Git sunanka da imel ɗinka, rumbu ya samu. Android na yawan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, saboda haka a waya gara ka riƙa tashin ɗan aiken da kanka. Ba sai kana rubuta manhaja ba. Bayanan darasin Kimiyya, ko labarin da kake rubutawa a ɓoye, duk suna shiga, in dai rubutu ne zalla. Fayil ɗin Word ma za ta ajiye, sai dai ba za ta nuna maka layin da ya canja dalla-dalla ba. GitHub yana buɗe wa mai shekara 13 zuwa sama asusu. In kuma kana da yaya ko yayar da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ka matsa musu su nuna maka idan sun zo hutu.

Hutun da ya wuce a gida na yi shi. Da dare ina zaune a zaure da laftof bisa cinya, kakata ta leƙo ta ce, "Wanga yaro, mi kaka yi da allon Bature har tsakad dare?" Na ce mata, "Kaka, hatsi nake zubawa a rumbu." Ta ce in dai hatsin ba ya tuwo, in je in kwanta.

Kwana tara na yi sabis bai isa a tura komai ba. Fayil ɗin rahoto ya cika da "Ba a tura ba", layi bisa layi. Ranar da na shiga Ƙaura sayen magani, na tafi da laftof ɗin a jaka. Na zauna a benci gaban wani shago na haɗa shi da datar wayata, na sayi ruwan leda. Kafin in shanye, ajiya 64 sun tafi.