Jinya Ma Tana Kwantar Da Mai Yin Ta

Idan aka je dubiya, tambayar ɗaya ce: "Ya mai jiki?" Da wuya a juya a tambayi wadda ke gefen gado, wadda ta yi wata shida tana juya mahaifinta mai shanyewar ɓarin jiki, tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki. Alhali ita ma jikinta yana ci mata bashi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk lokacin da mutum ya shiga tashin hankali, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin kotisol, wanda ke ƙara sukari a jini don jiki ya samu ƙarfin tunkarar matsala. A ka'ida yakan hau da safe, ya sauka da dare. To amma jinya ba ta da lokacin tashi daga aiki. Idan aka ɗauki watanni a haka, barci ya lalace, jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni.

An auna wannan fa. A 1995, Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun yi wa mata 26 ɗan ƙaramin rauni a hannu. Rabinsu suna jinyar 'yan uwa masu cutar mantuwa, rabi ba sa jinyar kowa. Raunin masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kuwa kwana 39. Wani binciken na Richard Schulz da Scott Beach a 1999 ya bibiyi tsofaffin da ke jinyar mazajensu ko matansu har shekara huɗu. Waɗanda suka ce jinyar tana takura su sun fi waɗanda ba sa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin 100. Masu jinyar da ba su ji takura ba kuwa, ba a ga wannan tazarar a wurinsu ba. Kenan matsalar tana wajen takurar da jinyar ke jawowa.

Alamun sukan zo a hankali: gajiyar da barci ba ya warewa, saurin fushi, manta lokacin magani, sai kuma jin haushin mara lafiyan, wanda kunya ke hana a faɗa. Wannan ba rashin imani ba ne, jiki ne ya kai maƙura.

Maganin farko shi ne rabon aiki, kuma a fayyace shi. "Ku riƙa taimakawa" ba ta kawo kowa. Amma "Yaya, kai ne da kwana ran Talata da Juma'a" tana aiki. Na nesa ya ɗauki kuɗin magani. Mai jinya ta samu barcin awa bakwai ko da dare biyu ne a mako, ta auna jininta ranar da aka kai mara lafiya asibiti, ta kuma nemi ma'aikatan lafiya su nuna mata yadda ake ɗaga shi ba tare da ta ji ciwon baya ba.

Wanda ya riga ya ƙare, hutun kwana ɗaya ba zai dawo da shi ba, sai an sauke masa wani ɓangare na aikin na makonni. Idan kuwa baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a ga likita ba tare da jira ba.