Kamfani a Tokyo, Ɗan Wasa a Zurmi: Inda Saƙon Masu Ƙera Gem Ke Maƙalewa

Wasan gem na intanet, wato wanda ake bugawa a waya ko kwamfuta tare da mutanen da ke nesa, ya sha bamban da wasan faifai da aka saba gani a gidajen gem na Arewa ta wata fuska da ba kasafai ake lura da ita ba. Faifan da aka saya an saye shi ke nan, mai shi ba ya buƙatar sake jin ɗuriyar kamfanin da ya ƙera shi har faifan ya karce, alhali wasan intanet yana zaune ne a kan saba, wata babbar kwamfuta da kamfani ke riƙe da ita a wata ƙasa, inda ake ajiye asusun kowane ɗan wasa da abin da ya tara da matsayin da ya taka. Tun da kamfani na iya sauya dokokin wasan da dare ɗaya, ko ya ƙara farashi, ko ya ƙulle asusu, ko ma ya kashe sabar baki ɗaya, maganar da yake yi da 'yan wasa ta zama wani ɓangare na hajar da yake sayarwa, kuma a kan wannan magana ne mafi yawan rigingimun da ke tsakanin ɓangarorin biyu suke tashi.

A ƙasashen da masana'antar ta yi ƙarfi, koken 'yan wasa bai wuce raini da saɓa alkawari ba. A watan Nuwamban 2017 kamfanin Electronic Arts na Amurka ya kare tsadar buɗe jarumai a wasan Star Wars Battlefront II da wata amsa da ya rubuta a dandalin Reddit, inda ya nuna wai wahalar da aka ɗora wa ɗan wasa don ya ji alfaharin cin nasara ne, amsar da ta sha ƙuri'un ƙin amincewa sama da 600,000, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin dandalin, har kamfanin ya dakatar da cinikin cikin wasan ana gab da fitar da shi. Shekara guda bayan haka, a taron BlizzCon na 2018, wani jami'in kamfanin Blizzard ya tambayi mahalartan da suka yi wa sabon wasan Diablo na waya ihu ko ba su da wayoyi ne, tambayar da ta zama abin gori har yau. A waɗannan rigingimu biyu 'yan wasan sun ji maganar da aka faɗa musu a harshensu, sun mayar da martani a wurin da aka faɗe ta, kuma kamfanin ya ji zafin martanin. Matsalar matashin da ke Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi a arewacin Jihar Zamfara ta riga wannan mataki, domin sau da yawa maganar ba ta isowa gare shi, tasa kuma ba ta da hanyar komawa.

Babu lokacin da ya fito da wannan giɓi fili kamar ƙarshen shekarar 2021. A ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, a matsayin dabarar yaƙi da 'yan bindiga, kwana biyu bayan sace ɗaliban makarantar Kaya da ke Ƙaramar Hukumar Maradun. An ce mako biyu za a yi, amma sai a farkon Oktoba aka mayar wa Gusau sabis, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da na arewacin jihar, suka ci gaba da zama a rufe har ƙarshen Nuwamba, lokacin da gwamnati ta sanar da ɗage matakin. A wannan lokaci an rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi da ke tara fatake daga Najeriya da Nijar, an kuma hana sayar da fetur a jarka, wanda shi ne abincin janaretan mai gidan gem da na mai caji. Ba a manta cewa asarar ɗan wasa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin asarorin wancan lokaci ba, lokacin da mutane ke tafiya har Funtuwa don kawai su buga waya ɗaya, amma ƙanƙantarta ba ta hana ta nuna yadda aka gina waɗannan wasanni ba.

Mafi yawan wasannin waya na kyauta, irin su PUBG Mobile na Tencent da Krafton, da Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, da Call of Duty: Mobile na Activision, suna tafiya ne a kan tsarin kakar wasa, wato wa'adi na 'yan makonni wanda ɗan wasa ke sayen tikiti a farkonsa, sa'annan ya riƙa shiga kullum yana cika ayyukan da aka ɗora masa kafin ya karɓi kyaututtukan da ke cikin tikitin. Wanda ya biya kuɗin tikiti a ƙarshen Agusta a Zurmi, sabis ya ɗauke a farkon Satumba, kakar ta ƙare ba tare da shi ba, an mayar da matsayinsa baya kamar yadda ake yi wa kowa a farkon sabuwar kaka, kuma na'urar da ke lissafin ba ta san bambanci tsakanin wanda ya gaji da wasa da wanda aka yanke wa layi ba. An tsara wasannin ne don su hukunta rashin zuwa, saboda da yawan masu shiga kullum kamfani ke auna cinikinsa, kuma tsarin ya ginu a kan zaton cewa intanet abu ne da ba ya yankewa sai na 'yan mintoci.

A daidai wannan tsakani, ranar 30 ga Satumban 2021, kamfanin Konami na Japan ya saki eFootball 2022, magajin wasan ƙwallo na PES, wanda shekara da shekaru shi ne sarkin gidajen gem a garuruwan Arewa, inda samari ke cika benci gaban talabijin, wanda aka ci ya biya kuɗin wasa ya miƙa hannun gem ga na gaba. Sabon wasan ya fito da fuskokin 'yan ƙwallo a karkace da kurakurai barkatai, da ƙungiyoyi tara kacal ga mai son bugawa ba tare da intanet ba, babu kuma Master League, sashen da mutum ke riƙon ƙungiya yana saye da sayar da 'yan ƙwallo kaka bayan kaka, wanda shi ne abin da da yawa suka fi so a PES. Cikin kwana guda ya zama wasan da ya fi kowanne samun mummunan sharhi a kasuwar Steam. Konami ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin babban gyara a ranar 11 ga Nuwamba, daga baya ya ɗage shi zuwa bazarar 2022, ya kuma mayar wa mutane kuɗin wani ƙunshin 'yan ƙwallo da ya riga ya sayar musu tun kafin ya samu. Ban haƙurin a Twitter aka wallafa shi, a lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, dakatarwar da ta faro ranar 5 ga Yunin 2021 ba ta kau ba sai 13 ga Janairun 2022. Ke nan ɗan wasan arewacin Zamfara ƙofa uku aka rufe masa a lokaci guda: babu sabis a garinsu, dandalin da aka yi maganar haramtacce ne a ƙasarsa, harshen da aka yi ta da shi kuma ba nasa ba ne.

Abin bai tsaya nan ba, domin a watan Yunin 2022 aka mayar da PES na waya zuwa eFootball, ba duk abin da mutane suka tara ne ya ƙetare zuwa sabon wasan ba, wasu tsofaffin wayoyi kuma suka kasa ɗaukarsa. A shekarar ne kamfanin ya sanar cewa Master League zai dawo a 2023 a matsayin ƙarin da za a saya, 2023 ta zo ta wuce ba a gan shi ba. Adalci ne a ce Konami ya gyara wasan ƙwarai daga baya, kuma a yau yana cikin wasannin waya masu farin jini a Najeriya, amma shirun da ya biyo bayan wancan alkawari ya koya wa 'yan wasa kada su ɗauki ranar da kamfani ya sa da muhimmanci.

Tun da babu ɗaya daga cikin manyan wasannin nan da ke magana da Hausa, duk da cewa Google Translate da Facebook sun daɗe da shigar da harshen, aikin isar da saƙo ya faɗa hannun wasu mutanen da kamfanonin ba su san da zamansu ba. Akwai ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, wanda ke karanta takardar sauye-sauyen wasa da Turanci ya naɗi muryarsa da Hausa ya jefa a zauren WhatsApp. Akwai mai shagon caji, wanda wayoyi ke jere a kan katakonsa kowace da lambar da aka manna mata, wanda kan sayi datar dare mai rahusa ya sauke sabuntawar da kan haura gigabait guda, da safe kuma ya rarraba wa yara ta Xender, manhajar da ke tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da cin data ba. Wannan dabara ba ƙaramin sauƙi take kawowa ba, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ga shi kuma wasan ba ya buɗewa sam idan ba a sabunta shi ba. Illarta ita ce saƙon da ya bi ta baki uku ko huɗu yakan iso da ƙari ko ragi, shi ya sa jita-jitar cewa za a rufe wasa, ko za a raba kuɗin wasa kyauta ga wanda ya tura lambobin sirrinsa, ke samun kasuwa, kuma ta wannan kafa 'yan damfara ke kwashe asusun da aka yi shekaru ana ginawa.

Inda takaicin ya fi tsanani shi ne wajen ƙulle asusu. Kamfanonin suna yaƙi da masu maguɗi, kuma suna da hujja, domin mutum ɗaya mai manhajar da ke nuna masa abokan gaba ta bayan bango ya isa ya ɓata wasan mutum 99. PUBG Mobile kan yanke wa wanda ya kama hukuncin shekara 10. Sai dai na'urar da ke farautar maguɗi tana kallon alamu ne, kamar fayil ɗin da bai zo ta kasuwar Google Play ba, ko asusu da yawa a waya ɗaya, ko asusun da ya bayyana yau a Najeriya gobe a Jamus. Duk waɗannan halaye ne na yau da kullum a wurin da 'yan gida ɗaya ke karɓa-karɓa da waya guda, ake tura wasa ta Xender, aka kuma saba kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, tun zamanin dakatar da Twitter. Wanda hukuncin ya faɗa wa yakan ga saƙo na layi biyu da ke cewa ya saɓa ƙa'idojin amfani, ba tare da an faɗa masa wace ƙa'ida ba, idan ya ɗaukaka ƙara kuma amsar da ke dawowa rubutacciya ce tun fil azal, iri ɗaya ga kowa. Kamfanoni kan ce bayyana dalili dalla-dalla zai koya wa masu maguɗi yadda za su kauce, kuma akwai gaskiya a ciki, amma wannan uzuri ya fi sauƙin karɓuwa ga wanda kuɗin da ya zuba a asusun bai kai masa komai ba.

Batun biya ma ya ƙara tsawon tazarar. A 2022 bankunan Najeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya manya daga cikinsu suka dakatar da shi gaba ɗaya, sai 'yan wasa suka koma sayen kuɗin wasa ta shaguna irin su Codashop da Carry1st, ko kuma ta hannun dillalin unguwa da ake miƙa wa tsabar kuɗi ko a tura masa ta wajen mai POS. Kuma kasancewar ƙasa a wajen taswirar kamfani na iya zama hukunci da kansa: a watan Mayun 2024 Sony ya wajabta wa masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation Network, aka cire wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba a buɗe irin wannan asusu a cikinsu, akasarin Afirka na ciki. Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki, amma abin da ya tanƙwara shi ambaliyar mummunan sharhi ce daga 'yan wasan da ke manyan kasuwanninsa.

A Turai koken ya fara ɗaukar siffar doka, inda bayan Ubisoft ya kashe sabar wasan The Crew a ƙarshen Maris ɗin 2024 aka fara gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan guda a 2025 yana neman Tarayyar Turai ta hana kamfanoni lalata wasan da aka riga aka saya. Najeriya ma tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ke zartar da ita, wadda a Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, abin da ya nuna hannunta na iya kaiwa ga kamfanin da ke wajen ƙasa. Cikas ɗin ɗan wasan Shinkafi ya fi wannan kusa. Hukumar da sashen koke na kamfanin duk za su fara tambayarsa shaidar biya, rasit ɗin kuwa da sunan dillalin da ya saya masa ya fito, asusun kuma sau da yawa da imel ko lambar wayar mai caji aka buɗe shi.